Ranar da Littafin Tsohon Ba'indiye Ya Faɗi

A shekarata ta biyu a Greensboro ta ƙasar Amurka na samu aikin guga a wani shagon wanki da ke hanyar Sedgefield. Daga Glenwood nake hawa bas zuwa tashar cikin gari, in canza wata, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Aikina shi ne tsayuwa gaban injin guga tun safe, ina ɗora kwat da wandunan mutanen da ban taɓa gani ba, tururi yana dukan fuskata. Ban yi boko mai nisa ba. Na gama firamare, na ɗan taɓa sakandare na bari. Turancina na karatu ya fi na magana, shi ma a hankali nake jansa.

Mai shagon wata mata ce Ba'indiya, mai zafin nama, ba ta zama. Mahaifinta tsoho ne da yanar ido ta rufe wa idanu biyu, ba ya ganin komai sai inuwa. Ba ta iya barinsa a gida shi kaɗai, don haka kullum take zuwa da shi ta zaunar da shi a kujera bayan shago, kusa da ƙofar da iska ke shigowa. Baba nake ce masa. Ba a Indiya aka haife shi ba. Ya ce kakanninsa aka kwasa a jirgin ruwa aka kai su wata ƙasa a kudancin Amurka aikin rake, a can ya tashi, kuma bai taɓa koyon rubutun kakanninsa ba. Addininsu ne dai ya riƙe.

Wata rana lokacin hutun cin abinci ina zaune kan bokiti ina cin shinkafa, sai ya ce, "Ɗana, ka iya karatu?"

Na ce, "Kaɗan, Baba."

"Kaɗan ya fi nawa. Nawa ya ƙare."

Ya zaro wani ƙaramin littafi daga aljihun rigar sanyinsa ya miƙo inda yake jin muryata. Bangon ya koɗe, amma hoton da ke kansa yana nan: wani abin bautarsu mai shuɗiyar fata da furanni a wuya. Na san abin da ya kamata in ce, ban ce ba. Tsoho ne, makaho, kuma uban wadda ke ba ni aiki. Ba zan yi ƙarya ba, na ukun ya fi na biyun farko nauyi a zuciyata a ranar. Na goge hannuna a wando na karɓa.

Waƙoƙi ne na bege da wasu bayin addininsu suka yi tun zamanin da, wani ya fassara su da Turanci. Kowane shafi baiti ne a sama, sharhi a ƙasa da ƙananan haruffa. Na fara karantawa ina tuntuɓe. Baba ya san baitocin a ka, yana gyara mini inda na karya kalma. Sharhin ne ya manta, shi yake so. In na gama sai ya jingina kai da bango, can ya ce in maimaita layin ƙarshe.

Haka muka ci gaba kullum a lokacin hutu. Na gaya wa kaina aikin taimako nake yi, kamar in kama hannunsa in tsallakar da shi titi. Kafin in buɗe littafin nakan yi a'uzu billahi a zuci, in juya bangon ƙasa don kada in haɗa ido da hoton.

Da a ce waƙoƙin sun ba ni dariya ko ƙyama, da ban ji tsoro ba. Na zata zan tarar da labarin gumaka da tsafi. Akwai sunaye da labarai da ban gane ba, waɗannan ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mawaƙan suna magana kamar sun san ni. Ɗayansu ya yi ta lissafa laifukansa: ya ɓata ƙuruciyarsa, ya yi alkawari ya karya, bakinsa yana ambaton ubangijinsa zuciyarsa tana kasuwa. Mai sharhi ya ce zuciya kamar tufa ce a hannun mai wanki, sai an buga ta a dutse take fita, kuma tufar ba ta san ana taimakonta ba. Baba ya yi dariya a nan har da tari, ya ce, "Ka ji, yana maganar sana'armu."

Ni ban yi dariya ba. A lokacin na daɗe da sakin salla. Ba daina ta na yi ba, sakinta na yi. Azahar da la'asar nake tarawa har in koma gida in haɗa da magariba in dungura su kamar kaza tana tsince hatsi. Asuba kuwa rana ke tashina. Na bar mata da 'ya'ya a gida, in na samu kiran waya nakan ce musu komai lafiya, alhali akwai abubuwan da nake yi a garin nan da ba zan so su ji ba. Ba wanda ya san ni da wannan. Ranar Juma'a nakan sa farar riga in je masallaci a gaishe ni da mutunci.

Wata rana ina karanta wani baiti inda mawaƙin ke cewa ya dawo ƙofa bayan ya gaji da yawo, ba shi da abin nunawa, yana roƙo kada a kore shi. Hawaye suka zubo kan shafin. Na yi shekaru ban yi kuka a salla ba, ko a Ramadan. Ga shi na yi a kan waƙar mai bautar wanin Allah. Baba ya ji. Ni kuwa na koma kan injin guga ina tambayar kaina wa na yi wa kukan nan.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya sai na ambaci mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Ba ta yi karatu ba, amma ba ta wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko kwalin ganyen shayi ne, ko takardar gwangwanin kifi, sai ta tsuguna ta ɗauka, ta sumbata, ta taɓa a goshi, ta cusa a tsagar katanga. Takan ce ba ta san ko sunan Allah na ciki ba. In izu ya suɓuce wa ɗayanmu ya faɗi, kafin ya taɓa ƙasa da kyau mun sure shi mun kai baki mun kai goshi, in ba haka ba mu sha ranƙwashi. Da wannan na tashi. Ban taɓa tunaninsa ba, kamar yadda mutum ba ya tunanin da wane hannu yake cin abinci.

Ranar da abin ya faru ana zafi, hannuna da gumi. Baba ya miƙo littafin, ni na ɗauka na riƙe, shi ya ɗauka na karɓa. Ya faɗi a kan siminti tsakanin ƙafafunmu. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na sure shi, na kai bakina, na ɗora a goshina. Sai da na ji sanyin bangon a fatata na gane abin da na yi. Gefen hoton ne.

Baba ya ji ƙarar sumbar, ya kuma ga inuwar hannuna ta tashi. Fuskarsa ta washe.

"Ah, ɗana! Haka muke yi. Wa ya koya maka? Haka kakata take yi."

Ya miƙo hannu yana lalubar kaina zai shafa. Na ja da baya har bokitin ya kife. Na ajiye masa littafin a cinya na shige banɗaki. Na buɗe famfo na wanke bakina, na wanke goshina da sabulun wanke hannu, na sake wankewa, har wurin ya yi ja. Ina ta maimaita kalmar shahada, kuma duk lokacin da na faɗa sai in ji kamar ba ta zauna ba, in sake. Goshin da ban ɗora wa Allah a kan lokaci ba, na ɗora masa hoton gunki. Abin da ke yawo a kaina ke nan.

Da aka tashi aiki na tsaya a bakin titi na kasa tsallakawa. Duk motar da ta taho sai in ga ita ce. Na tuna wani ɗan ƙasarmu da ya rasu a garin, yadda muka yi masa wanka muka sallace shi muka binne shi a ƙasar da ba tasa ba. Na ga kaina a kwance ana min salla, mutane suna shaidata da alheri, ni kaɗai na san ba Musulmi suke sallata ba. A cikin bas na riƙe ƙarfen kujerar gaba da hannu biyu. Da direba ya taka birki a Elm Street sai da na yi salati da ƙarfi har wata mata ta juyo.

Washegari na ce wa Baba maƙogwarona yana ciwo. Kwana biyu bayan haka na ce an ƙara mini aiki. Daga nan na daina ba da dalili, nakan ɗauki abincina in fita gefen wurin ajiye motoci in ci a tsaye. In na dawo sai in wuce ta bayansa a hankali don kada ya ji takuna. Yana ji. Yakan ɗaga kai ya bi inuwata, littafin a cinyarsa, hannunsa a kai. Bai taɓa kirana ba. Wannan shirun nasa ya fi mini zafi a kan ya zage ni, amma tsorona ya fi kunyata ƙarfi.

Abinci ya daina shiga. Na fara yin salloli da yawa, amma ba na jin ina tsaye gaban kowa. In na kai goshina ƙasa sai hoton nan shuɗi ya faɗo mini, in ɗago a firgice in sake kabbara.

A gidan da muke haya a Glenwood akwai wani dattijo ɗan Nijar, Alhaji muke ce masa. Tasi yake ja, shi ke ba mu salla in mun haɗu, kuma ya yi karatun zaure mai kyau kafin ya fito. Bakinsa ba ya raga wa kowa. Wata ranar Lahadi da hantsi na same shi a bayan gida ya buɗe gaban motarsa yana duba mai. Na tsuguna na gaishe shi, ban tashi ba.

Ya ce, "Kai, lafiya? Ka rame kamar wanda patron, ubangidansa, ya hana abinci."

Na ce, "Alhaji, ina jin na fita daga Musulunci."

Ya ajiye tsumman hannunsa. "Ta wace ƙofa? Ban ji an buɗe ba."

Na ba shi labari tun daga farko. Da na zo wurin sumbar sai ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi.

"Alhaji, ba abin dariya ba ne."

"To, yi haƙuri. Da ka ɗaga littafin, me ka ƙudura a ranka?"

"Ban ƙudura komai ba. Hannuna ne kawai ya tafi."

"Ka yi nufin girmama wancan mai shuɗin jiki?"

"Wallahi ko kusa."

"To hannun tsohuwarka ne, ba naka ba. Tawa ma haka take. Da nake lakwal, makarantar boko, har littafin Faransanci ta taɓa sumbata, mai hoton alade a ciki. Ka ce ita ma ta fita?"

Na ji wani abu ya ɗan saki a ƙirjina. Amma ban gama ba. Na ce masa akwai wanda ya fi wannan, na gaya masa maganar kukan.

A nan dariyarsa ta tsaya. Ya daɗe yana kallon injin motar.

"Wannan ban sani ba," in ji shi. "Ba zan ce maka halal ba, ba zan ce maka haram ba, karatuna bai kai nan ba. In kana jin zuciyarka tana zamewa, ka bar littafin mutane. Amma bari in tambaye ka. Ɗakina yana jikin naka. Tun da ka zo gidan nan sau nawa na ji ka buɗe famfo da asuba?"

Na sunkuyar da kai.

"Takarda ta taɓa maka goshi ka kasa cin abinci. Asubar da kake kwana a kanta ba ta taɓa hana ka cin komai ba. Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro a kanka, ɗan'uwa. Sa'an nan tsohon nan, me ka ce masa?"

"Na ce maƙogwarona."

"Ka yi wa makaho ƙarya don ka tsare imaninka. To madalla." Ya ɗauki tsummansa. "Riƙe mini murfin nan kada ya faɗo mini a ka, ka sumbace ni ni ma."

Ban samu abin da na je nema ba. Na so ya ce mini ka tsira, ko ya ce ka halaka ga yadda za ka dawo. Ya cire mini tsoro ɗaya ya bar mini wanda ya fi shi girma.

Ranar Litinin mai shago ta tare ni wajen rataye kaya. Ta ce washegari za a yi wa mahaifinta aikin ido, kuma tun da aka sa rana ba ya cin abinci sosai. Ta ce ita ba ta da lokacin karanta masa, in ta karanta ma yana cewa tana gudu kamar mai karanta takardar kwastoma. Ba ta roƙe ni ba. Ta faɗa ta wuce.

Da lokacin hutu ya yi na ɗauko bokitina na ajiye a gabansa. Ya ɗaga kai.

"Maƙogwaron ya warke?"

"Baba, maƙogwarona bai taɓa ciwo ba. Ƙarya na yi maka."

"Na sani. Ina jin ka kana waƙa a kan injin."

Na gaya masa gaskiya iyakar Turancina. Na ce abin da na yi da littafinsa ba don abin bautarsa na yi ba, al'adar uwata ce da littafinmu, kuma a addinina babu laifin da ya kai mutum ya haɗa Allah da wani. Na ce tun ranar nake tsoron in mutu. Na zata zai ji haushi. Sai ya shiga shafa bangon littafin da babban yatsa.

"Na yi murna da wuri ke nan," ya ce. "Yi haƙuri." Can ya ƙara, "Ni ma tsoro nake ji, ɗana. Gobe wani yaro da bai kai jikana ba zai sa mini wuƙa a ido. In ya kuskure, inuwar ma ta tafi."

Bai miƙo littafin ba. Ni na miƙa hannu na ɗauka daga cinyarsa, na riƙe shi da hannu biyu kamar mai riƙe kwanon miya mai zafi. Na tambaye shi wanne. Ya ce na mai dawowa ƙofa. Shi ne wanda ya sa ni kuka, kuma na tabbata ya sani.

Na karanta. Ban bar kaina na ji baitin ba, na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Duk da haka da na zo ƙarshen sharhin sai da idona ya ciko. Na maimaita masa layin ƙarshe kafin ya tambaya. Na rufe na mayar masa a hannu, ban saki ba sai da na ji ya riƙe.

Hutun bai ƙare ba. Na shiga banɗaki na yi alwala, na yago kwali na shimfiɗa tsakanin layukan kwat da ke rataye cikin leda, na ta da azahar. Ita ce ta farko da na yi a shagon a kan lokacinta. Ina sujada na ji mai shago ta taho tana kirana, na ji Baba ya ce mata, "Bar shi, yana magana." Hoton ya faɗo mini a raka'a ta biyu. Ban ɗago ba. Na danna goshina a kwalin har ya wuce.

Aikin idon ya yi kyau a ido ɗaya. Bayan wasu makonni Baba ya dawo da wani tabarau mai kauri, yana karanta littafinsa da kansa, hancinsa kusan a kan shafi. Ya dube ni ranar farko ya ce bai zata na kai haka muni ba. Bai sake cewa in karanta masa ba, ni ma ban tambaya ba. Daga baya na canza aiki, kuma ban san ƙarshensa ba.

Asuba na kama ta, na saki, na sake kamawa. Ba zan ce na gyaru ba. Maganar kukan kuwa har yau ban samu wanda ya warware mini ita ba, kuma ba kowa nake iya tambaya ba. Wani lokaci nakan ce Allah ne ya tashe ni ta bakin da ban zata ba. Wani lokaci nakan ce wannan tunanin kansa shi ne tarkon, sai tsoron ya dawo sabo, in yi ta istigfari. Nakan roƙi gafara a kan kukan, in kuma roƙi gafara a kan makonnin da na bar tsoho makaho yana bin inuwata da ido.

Har yanzu ba na wuce takarda a ƙasa. Nakan sunkuya in ɗauka kamar yadda uwata take yi. Amma tun daga ranar hannuna yakan tsaya a rabin hanya, tsakanin ƙasa da goshina, sai na juya takardar na duba.